Cigiyar Mai Agwagwar da Yaya Manu Ya Ci

Shekara goma sha ɗaya ke nan cif da rasuwar yayana Manu, kuma sai bana na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Ba abin faɗa na rasa ba. Saƙo ya bar mini a hannu, na yi shekaru ban isar ba, da na zo isarwa kuma sai na kasa gane ko na isar ko ban isar ba. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin wallahi ni kaina a ruɗe nake.

Manu masunci ne, yana kuma noman shinkafa a fadamar tungarmu da ke bakin gulbi, a ƙasar Bagudo. Bai taɓa zama a aji ba. Ni aka tura boko, na zama malamin firamare, na koyar a Lafagu da Matsinkai har na yi ritaya na zauna a Bagudo. Tun ranar da aka ba ni aji ya daina kiran sunana, sai Malam, ko da kuwa faɗa zai yi mini. Mutum ne mai tsoron haƙƙin mutane har abin ya kan ba ka haushi. In tarunsa ya jawo gorar wani masunci, sai ya bar nasa aikin ya tuƙa jirgi rabin wuni yana neman mai ita. Mun sha yi masa dariya a kan wannan, shi kuwa ko a jikinsa.

Akwai wasu ƙananan agwagin ruwa da ke sauko mana idan ruwa ya fara ja baya, sanyi ya shigo. Ba kirinjijiya ba ce, wadda muke tare da ita rani da damina. Waɗannan baƙi ne, garke-garke suke zuwa, su faɗa wa shinkafa, kafin zafi ya kankama kuma sai a wayi gari babu ko ɗaya. Ban taɓa jin wani a tungarmu ya tambayi inda suke fitowa ba. Manu yana cewa can yamma suke komawa, wajen ƙasar Dandi, kuma babu wanda ya yi masa musu. Tsofaffin taruna ake kafa musu a gefen gona, wanda ya kama ya sami nama.

Wata safiya, shekara tara kafin rasuwarsa, ya kama guda huɗu. Ya yanka su nan bakin ruwa cikin laka, ya kawo wa matarsa Hajo. Tana figa sai ta ga wani ɗan zobe na ƙarfe a ƙafar guda, da rubutu ƙanana a jikinsa. Ta cire ta ajiye a kan katanga, ta ci gaba da girkinta, don yara sun ga nama sun kafa ido. Sai da aka ci aka wanke hannu ta tuna, ta ɗauko ta miƙa masa. Hajo ta ce ba ta taɓa ganin fuskarsa ta canza irin na ranar ba. Ya daɗe yana juya zoben a tafin hannu, sannan ya ce, “Hajo, mun ci dabbar mutane.”

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ga kamar wauta ce. Amma mu a nan, duk abin da ka gani da shaida a jikinsa yana da mai shi. Bafulatani yana tsaga kunnen saniyarsa. Masunci yana ƙona alama a gorarsa da filafilinsa. Mata suna ɗaura wa kajinsu tsumma a ƙafa ko a fiffike, ja na wance, shuɗi na wance, kuma ko yaro ya san ba a taɓa kazar da ke da tsumma. To ga agwagwa da zoben ƙarfe, har da lamba. A wurin Manu magana ta ƙare: wani mutum ya kama ta, ya yi kiwonta, ya sa mata shaida mai tsada saboda yana ji da ita, ta ɓace masa, shi kuma ya cinye da iyalinsa. Abin da ya rage shi ne a nemo mutumin a roƙe shi ya yafe.

A nan nawa laifin ya shigo, kuma yau ne karo na farko da zan faɗe shi a bainar jama'a. Ranar kasuwa ya zo har makarantar da nake, ya jira aka tashi, ya ciro zoben daga kwalin ashana ya ce in karanta masa. Na kai shi wajen haske, na karanta lambar tsaf. Sauran rubutun kuwa haruffan boko ne, amma ban gane ko kalma ɗaya ba. Ga malamai biyu a tsaye suna kallo. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara murya na ce, “Wannan Faransanci ne.” Manu ya gyaɗa kai, ya yi mini godiya, ya mayar da zoben cikin kwali. Da wannan kalma guda na tura yayana ƙetaren iyaka har tsawon shekaru, domin kowa ya san inda ake Faransanci a kusa da mu shi ne Benin.

Ya fara cigiya ta wannan gefen, a Illo da Lolo da Tsamiya, sannan ya ƙetara. Kasuwa-kasuwa ya bi. Ya kan sami sarkin kasuwa ko sarkin ruwan gari ya gaishe shi, a sa mai shela ya zagaya yana cewa wanda ya san ya ɓatar da agwagwa mai zoben ƙarfe ya zo ya faɗi lambarta. Da Hausa ake yi, a maimaita da Dandanci, wani wurin har da Fulatanci. Mutane suna taruwa su yi ta dariya. Wasu 'yan iska sun zo sun ce tasu ce, ya ce su faɗi lamba, suka kasa. Har suna ya samu a can, Mai Cigiyar Agwagwa. In labarin ya iske ni a Bagudo sai in ji kunya ta kama ni, in ce wa mutane ai kun san halinsa.

A shekara ta uku wani malamin makaranta a can gefen Benin ya duba zoben ya ce masa wannan ba Faransanci ba ne, bai ma san ko wane yare ba ne. Manu ya dawo ya same ni a ƙofar gida. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, “Malam, kai ka ce ba Turanci ba ne, shi ya ce ba Faransanci ba ne. To boko nawa ne a duniya?” Haushin kaina ya sa na huce a kansa. Na ce haba Yaya, ka bar wahalar da kanka, wasan Turawa ne kawai, tsuntsun daji ba ya da mai shi. Ya dube ni ya ce, “Wa ka sanya wa abin da ba nashi ba shaida?” In faɗi gaskiya, har yau amsar da nake da ita ba ta cika gamsar da ni ba.

Limamin tungarmu ya yi ƙoƙari. Ya ce masa ya yi cigiya fiye da yadda shari'a ta nema, yanzu sai ya yi sadaka da niyyar ladan ya je ga mai ita. Manu ya kama agwagin gida biyu masu ƙiba ya bayar. Ya rage yawon kasuwanni, amma kwalin ashanar bai bar aljihunsa ba. In ya ga baƙo a mashaya, ko direban babbar mota, ko ma'aikacin allurar shanu, sai ya ciro ya nuna. Yana cewa Liman ya faɗi gaskiya, sai dai shi bai ji daga bakin mai ita ba.

A gidana ya yi jinyar ƙarshe, don kusa da asibiti. Wata rana bayan la'asar ya sa aka kira ni, ya kama hannuna ya danƙa mini kwalin. Ya ce, “Malam, kai ka san takarda. In ka iske mai ita, ka ce shi yahe muna, ni da Hajo.” Na ce to, Yaya, in sha Allahu. Kwana huɗu bayan nan ya cika. Ni kuma na jefa kwalin a akwatin takarduna na rufe, na ce a raina maganar agwagwa ta bi Manu kabari.

Ashe ba ta bi shi ba. Duk Sallah in na je gaishe da Hajo, bayan an gama tambayar iyali sai ta ce, “Malam, an samu mutumen?” Da yake matar yaya ce, akwai wasa tsakaninmu, sai in ce mata yana nan tafe a jirgin sama, ta share ɗaki. Ta yi dariya, in yi dariya, in taso. Shekara goma muna haka. Sallar bara na iske idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, da na yi wasan ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Malam, bari wasa. Shi Manu bai sani ba ya ci. Ni na ga zoben kahin in dahwa, kuma na dahwa. Ga shi na kusa tahiya.” Duk shekarun nan ina ɗauka tana taya mijinta ne, ashe nata kayan take ɗauke da shi.

Da na dawo Bagudo na buɗe akwati. Yanzu ina da babbar waya, wadda galibi labarin siyasa nake karantawa da ita. Na sa tabarau, na kwafi kalmomin zoben harafi-harafi na zuba a ciki. Ikon Allah! Ko shayin da na haɗa bai huce ba amsa ta fito. Abin da Manu ya yi shekara tara yana nema da ƙafa da jirgi, ga shi a tafin hannuna. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Haushi na ji, da kunya.

Rubutun adireshi ne na masu nazarin tsuntsaye a wata ƙasa can arewacin Turai, inda ruwa ke daskarewa. Su ne suke kama tsuntsaye su sa musu zobe su sake su. Na ga wata taswira da aka ja layuka a kanta, hanyoyin da tsuntsaye ke bi duk shekara. Wani layin ya taso daga can ƙasashen ƙanƙara, ya ƙetare teku, ya ratsa Sahara, ya sauko kan gulbinmu. Wasu layukan sun bi gefen nahiyoyi daga saman duniya har ƙasanta, wasu sun yanki tsakiyar babban teku inda babu ko reshen da za a huta. Na koyar da labarin ƙasa fiye da shekara talatin, na zana taswirar duniya a allo ba adadi, ban taɓa sanin akwai hanyoyi a sama ba, balle in san ɗaya ta biyo ta kan gonar yayana. Agwagwar da ba ta cika tukunyar Hajo ba ta ga ƙasashen da ni mai tabarau ban gani ba. Kuma ba bin kowa take yi ba, ba ta tambaya, ta san hanya. Yadda aka yi ta sani, na karanta bayanin har sau uku ban fahimta ba.

Na ɗauki hoton zoben na aika musu, da Turancina na malaman da. Bayan kwanaki wata mata ta amso, da murna kamar an yi mata haihuwa. Ta ce sun duba littattafansu sun sami lambar. An sa wa agwagwar zoben tana ƙarama a wani tafki na ƙasarsu, tun daga ranar ba su sake jin ɗuriyarta ba. Ta ce dalilin sa zoben ke nan, don wanda ya tsinta ya sanar da su inda ta kai. Na ajiye wayar na riƙe kai. Wato shekaru ashirin su ma cigiya suke yi. Shi yana bin kasuwannin iyaka yana neman su, su suna can zaune suna jiran wani irinsa ya yi magana, ni kuma da ke tsakani na ce Faransanci ne.

Na sake rubutawa, na bayyana mata komai. Na ce yayana ya yanka ya ci bisa rashin sani, ya rasu yana neman mai ita, matarsa tana raye, muna roƙo a yafe. Ta amso da tausasan kalmomi, ta ce labarin ya taɓa ta, amma babu abin yafewa, tsuntsun ba na kowa ba ne, su ne ma ke godiya. Na ce a raina wannan baiwar Allah ba ta gane ba. Na rubuta na uku, na ce don Allah ko da ba ta ga dalili ba, ta rubuta kalmar kawai, in kai wa tsohuwa. Ta ce ta yi tunani sosai, ba za ta so ta yaudari tsohuwa ba, ba ta da ikon yafe abin da ba nata ba. Ta ƙara da cewa mutumin da ya sa zoben da hannunsa, wani dattijo mai yin aikin don sha'awa, ya daɗe da mutuwa. Tabɗi. Na nemo wa Manu mai gaskiya irinsa, ga shi gaskiyar tata ta tsaya mini a wuya.

Tun daga nan nake tambayar kaina me zai ce da yana nan. Fadamar da ya sani ta canza, injinan ban ruwa suna ruri rani duka, shinkafa sau biyu a shekara. A ganina baƙin agwagin sun ragu, ko da yake idona ma ya ragu, ban rantse ba. Samari sun fi son babur da jigilar kaya zuwa iyaka a kan taru. Kaji ma an fara barinsu ba tsumma. Da na nuna masa taswirar nan, na san ba nisan tafiyar zai fara tambaya ba. Cewa zai yi, duk garuruwan nan da ta bi, ta ci shinkafar mutane nawa? Wataƙila kuma ya ce tunda dattijon ya kama ta da hannunsa ya sa mata shaida, tasa ce ko ya ƙi ko ya so, sai a nemi magadansa. Wallahi ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsa da matar nan ba. Wani lokaci in ga ita ce, wani lokaci in ga shi ne.

Abin da na tabbata shi ne, kuskure ya yi, amma na fi son kuskurensa a kan sanina. Bai bar gida na siminti ba, jirginsa ya ruɓe, tarunansa an raba. Abin da ya rage nasa shi ne har yau a kasuwannin ƙetare in ka ce kai ɗan'uwan Mai Cigiyar Agwagwa ne, tsofaffi za su yi dariya, sannan su matsa su ba ka wurin zama, su bar maka kayansu su tafi salla. Ina kewarsa ƙwarai, kuma ina jin nauyinsa fiye da lokacin da yake raye.

Watan jiya na hau babur zuwa bakin gulbi, na shiga jirgi na ƙetara tunga. Duk hanya ina shawara da zuciyata. Kalma ɗaya ce, in ce mata ya yafe, ta sami barci, wa zai sani? Amma ƙarya ɗaya na taɓa yi a kan zoben nan, na ga inda ta kai mu. Na iske Hajo da hantsi a ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ta gane muryata tun daga sallama. Ko ruwa ba ta bari na sha ba.

“Malam, an samu mutumen?”

Na ce an samu inda ta fito, Hajo. Na ba ta labarin ƙasar ƙanƙara, da teku, da hamada, da dattijon da ya mutu, da matar da ta amsa mini sau uku. Ta daina ɓarar gyaɗar tana saurare.

“To mi sunka ce? Sun yahe?”

“Sun ce sun gode.”

“Gode? Mu ci dabbassu su ce sun gode? Malam, ko dai ba ka karanta daidai ba, irin na wancan karon?”

Na haɗiye wannan, don na cancanta. Na ce wannan karon na karanta daidai. Sun ce ba za su iya yafewa ba, saboda ba tasu ba ce. Ba ta dattijon ba ce, ba ta gwamnatinsu ba ce, ba ta kowa ba ce.

“Babu abin da ba na kowa ba,” in ji ta.

Na ce to, sai dai ta Allah.

Na fara tsoron ko na karya mata zuciya. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, in ce laifina ne tun farko, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta jawo ƙwaryar gyaɗarta kusa, ta share ido da bakin zane.

“Kai Manu, wahalalle,” ta ce. “Ashe ya daɗe da isa wurin Mai ita. Ni ma in na tahi na yi nawa bayani da bakina. Malam, tashi ka ɗebo ruwa ka sha, na sauke maka wannan nauyi.”